Abin da Bango Ya Zubar

Yaran yanzu dariya suke yi in na ce an taɓa haƙar kwal a Jidda. Sai su ce, "Haba Hajiya, a Jidda? Nan ai sai yashi da gishiri." To ni na gani da idona, na cuɗe shi daga wuyan riga har fatar hannuna ta tsage. Ba a ƙasa Allah Ya halicce shi a nan ba, jiragen ruwa ne suka bar mana. Zamanin da suke cin kwal, akwai wani fili can kudu da unguwarmu Karantina inda ake jibge shi, a kwaso tokar cikin jirage a juye a kai, iska ta kawo yashi ta rufe, a sake jibge wani. Shekara da shekaru ana haka har wurin ya zama tudu. Da jirage suka koma shan mai, wani ɗan kwangila ya kawo motocinsa ya kwashe tsakiyar tudun, inda kwal ɗin ya fi kauri, ya kama gabansa. Ya bar wani wawakeken rami mai bango a tsaye, ya fi soro tsawo nesa ba kusa ba. In ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai sai ka ga bangon layi-layi: toka, yashi, baƙin layin kwal, toka kuma. Wannan baƙin layin da motoci suka raina, shi mazajenmu suke bi.

Wurin ƙazanta ne, ba zan shafa masa mai ba. Duk jakin da ya mutu a unguwa, can ake ja a jefa. Wanda ciki ya murɗa wa da asuba, can yake zuwa ya tsuguna. Ƙuda kuwa, in za ka yi hamma sai ka rufe baki da tafin hannu. Shi kansa kwal ɗin in aka hura shi warin baragurbi yake yi, shi ya sa mai tsire ba ya taɓa shi, mai shayi ma haka. Maƙera ne suke saye, da masu gidan burodi, da masu dafa wa alhazai abinci a manyan tukwane in lokacin hajji ya kewayo. Maigidana in ya dawo da yamma ido da haƙori kawai nake gani. In ya yi kaki baƙi ne ƙirin. Tabarmar da ya kwanta baƙa, gefen tuwon da ya gutsura baƙi. Ruwa kuma a garwa muke saye, sai in zaɓa tsakanin wankansa da wankin rigarsa. Tir da wannan sana'a! Na faɗa a gabansa tun a lokacin, kuma har yau ban janye ba.

Amma me zai yi? Ni iyayena Hausawan Sudan ne, ina goye aka tsallako teku da ni, a Karantina na buɗe ido. Shi kuwa da ƙafarsa ya tako daga gida, ya yi aikin hajji ya zauna. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya masa wurin hukuma. A tashar jiragen ruwa in an zo ɗaukar 'yan dako, yau a ɗauke shi, gobe a ce ina takarda. Rami ne kaɗai bai taɓa tambayarsa takarda ba. Lokacin da abin nan ya faru ba mu daɗe da aure ba, ina da cikin fari, ya tsufa har ba na ganin yatsun ƙafata. Duk da haka kullum da hantsi nakan ɗauki ƙwaryar kunu in gangara ramin, in sayar wa masu haƙa, in ba shi nasa.

Ga yadda ake aikin. Mutum zai zaɓi wuri a gindin bango inda baƙin layin ya sauko, ya fasa ƙofa daidai faɗin kafaɗarsa, ya riƙa bin kwal ɗin ciki a kwance, da gajeriyar diga da 'yar fitila. Abin da ya sara ya zuba a kwando, ya turo waje. Yana shiga yana faɗaɗawa, har cikin ya zama ɗan ɗaki da ba a iya ko zama a ciki. Duk tudun nan na toka da yashi yana bisa kansa, babu katako, babu ƙarfe. Abin da ke riƙe da shi kawai shi ne kwal ɗin da aka bari ba a sara ba nan da can, kamar ginshiƙi. Shi suke kira ƙafar rami. Kuma don jaraba, ƙafar rami ita ce kwal mafi kyau, manyan dunƙule masu ƙyalli, domin inda ya fi tauri nan ake bari. Mutum yana kwance yana karce ɓurɓushi, ga kwal na gaske a gefen kunnensa. Kowa a wurin ya rantse bai taɓa sa wa ƙafar rami diga ba. Kowa kuma ya san ƙarya ce, don kullum ramewa suke yi.

Akwai wani tsoho da suke ce wa sarkin rami. Ba wanda ya naɗa shi, ya dai riga kowa zuwa, kuma ƙirjinsa ya gama lalacewa har ba ya iya haƙa. Yana zama ƙarƙashin wani yagaggen buhu da aka kafa a kan sanduna, yana raba rigima. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, duk ramin da rana ta take tsaka ba a ji ƙarar diga a cikinsa ba, ya fita daga hannun mai shi, kowa na iya shiga. Juma'a da ranar Salla kawai aka ɗauke. In ba ka da lafiya ka aiko ɗan'uwanka ya buga maka. Ta biyu, abin da bango ya zubar da kansa ba shi da mai shi, na wanda ya riga kai hannu ne. An yi dokokin don kada a riƙa fasa wa juna kai, kuma gaskiya sun rage faɗa.

Maƙwabcinmu wani mai jaki ne, langa-langa ɗaya ce ta raba ɗakinmu da nasa, in ya yi tari muna ji. Shi ke kwasar buhunan maigidana ya kai wa masu burodi. Kwano ɗaya suke ci da magariba. Yaya yake ce wa maigidana, ni kuma matar yaya. Siriri ne mai yawan dariya, in ya gan ni da garwa sai ya karɓa ya ɗora wa jakinsa. Ban taɓa ganin aibunsa ba, sai dai in akwai nama a miya idonsa yakan riga hannunsa zuwa kwano.

Sai aka yi ruwa. Kun san ruwan Jidda, sai ya shekara bai zo ba, ran da ya zo kuma ya rama. Yini guda aka yi ana zubawa. Karantina ta zama tafki, abin da ke cikin masai duk ya taso ya shigo mana ɗaki, a kan akwati na kwana a zaune da cikina a gaba. Washegari rana ta fito tas. Na ga maigidana yana ɗaure ƙotar digarsa da tsumma.

Na ce, "Malam, ina za ka?"

Ya ce, "Rami."

"Bangon da ya yini yana shan ruwa? Tokar nan in ta jiƙe ai kunu ce."

"Ba haƙa zan yi ba, 'yar Sudan. Zan buga sau ɗaya, sau biyu, a ji ƙara, in fito. In rana ta take ban buga ba rami ya tafi. Kin san tokar da na ci kafin in tarar da kwal a wurin nan?"

"To ka roƙi Baba sarkin rami ya ɗauke dokar yau."

"An je masa tun da asuba. Ya ce kowa ya yi hattara, amma doka doka ce."

Na ce, "Allah wadaran dokar." Ya yi dariya, ya ce bakina ya fi digarsa kaifi, ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Na dama kunu ina ƙunƙuni, na bi bayansa.

Da na isa na tarar mutane sun cika tsakiyar ramin, a tsaitsaye, nesa da bango, kowa da buhu a naɗe a hammata. Ba masu haƙa kaɗai ba, har da waɗanda ban taɓa gani a wurin ba, har da mata. A lokacin ban gane abin da suke jira ba. Ashe duk wanda ya san wurin ya san bayan ruwa bango yakan zubar. Rabo suke jira, kamar ungulu a bayan mahauta. Na hango tsumman da ke rataye a ƙofar ramin maigidana, na ji diga a ciki. Ƙwas. Ƙwas. Na ce a raina to shi ke nan, an ji, sai ka fito. Sai na ji ta ci gaba, bugu na mai aiki, ba na mai sanarwa ba. Daga baya shi da bakinsa ya gaya mini: ruwa ya ɗiga ya wanke ƙafar ramin, ya ga wani dunƙule ya leƙo kamar kan ɗan akuya, ya ce wannan ɗaya kawai. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Shi ma ban wanke shi ba, har ya koma ga Allah ina yi masa gorin wannan dunƙulen.

Babu wata ƙara mai tsanani. Bangon ya yi wani dogon nishi, ya zame, ya zauna. Ƙofar, tsumman, kwandonsa da ke waje, duk suka ɓace ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar toka. Ta hagu kuwa, inda bangon ya tsage, kwal ya gangaro manya-manya, irin wanda ba a taɓa gani a fili ba. Na saki ƙwaryar kunu na kurma ihu. Na ga mutane sun taso a guje, na ce alhamdu lillahi, Musulmi sun taso. Suka zo, suka wuce ni, suka yi hagu.

Wallahi tallahi da idona na gani. Mutanen da suke sahu ɗaya da shi a masallaci, waɗanda suka ci goron aurenmu, suna durƙushe suna cusa kwal a buhu, suna ture juna da gwiwar hannu. Wata mata ta kwance mayafinta ta shimfiɗa tana tarawa. Ina ihu ina cewa akwai mutum a ciki, mutum ne a ciki, sai wani ya ɗago ya ce, "Inna lillahi, Allah Ya ba ki haƙuri," hannunsa bai tsaya ba. Wani ya ce wanda wannan ƙasar ta rufta wa ai sai addu'a. Na ce to a je a kira hukuma. Nan kowa ya samu bakin magana: hukuma? A zo a kwashe rabin unguwa marasa takarda a zuba a jirgi, a rufe rami, saboda gawa? Gawa suka ce fa, alhali ƙarar digarsa ba ta gama fita daga kunnena ba.

Mutum biyu ne suka zo inda nake. Tsohon nan sarkin rami, yana haki, da wani baƙo da bai daɗe da fara haƙa ba, ban ma san daga wane gari yake ba. Baƙon ya sa shebur, ni da tsohon muka sa hannu. Muna kwashewa tana sake zubowa. Tsohon ya ɗaga murya ya ce yau ya soke doka, kowa ya ajiye buhu. Wa ya ji shi? Ya dube ni, idonsa na ruwa, ya ce, "'Yata, in ƙafar can ciki ba ta karye ba, yana da ɗan wurin numfashi. Amma mu uku ba za mu kai gare shi ba kafin iskar ta ƙare."

Na waiga na hango mai jaki. Ya riga ya ɗora buhu biyu, yana cika wani. Na je na riƙe masa riga na ce, "Yayanka ne a ƙasa." Bai iya kallona ba. Ya ce, "Matar yaya, ina zuwa, yanzun nan. Bari in ɗaure wannan kada a ɗauke."

Na saki rigarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na hau kan tulin tokar da cikina, mayafi ya zame ban bi ta kansa ba, na buɗe murya yadda ban taɓa yi ba a gaban maza. Ban sake ambaton mutum ba. Na ce, "Ku saurara! Malam yana da buhuna jibge a ƙuryar ramin nan, kwal ɗin ƙafa zalla, ya ɓoye yana jiran lokacin hajji. Bango ya zubar, doka ta hau kansu. Wanda ya riga kaiwa nasa ne, ni na yafe!" Babu buhu ko ɗaya. Mutumin da abin da ya haƙa da safe shi muke ci da yamma, ina ya ga na ɓoyewa? Tsohon ya gane. Ya sunkuyar da kai, can ya ɗago ya ce da ƙarfi, "Haka ne, ni shaida ne." Allah Ya gafarta masa wannan ƙaryar.

Ku zo ku ga aiki! Yalla, yalla, maza-maza, sai ga shebur daga inda ban sani ba, ga diga, ga kwano, har da murfin tukunya. Mutanen da suka ce ƙasar ta fi ƙarfin ɗan Adam suka riƙa watsa ta baya kamar kaji a juji. Wanda ya yi mini ta'aziyya ɗazu shi ne a gaba, yana zagin na kusa da shi wai ya tare masa hanya. Na koma gefe na zauna a cikin taɓo ina kallo. Ban yi kuka ba, ƙyama ce ta hana ni.

Rana ta ɗan karkata sa'ad da shebur ɗin baƙon ya zurma. Wata 'yar ƙofa ta buɗe, ba mai iya shiga sai siriri. Kafin a ce me, mai jaki ya tura kai. Na rarrafa na durƙusa a bakin ƙofar. Na ji nishi a ciki, nishin da na sani, na ce Allah na gode Maka. Cikin ɗan hasken da ke shiga na hango kan maigidana, yana kwance rigingine. Mai jaki ya kai gare shi. Ya hau ta kansa, ya danne ƙirjinsa da gwiwa, ya wuce ƙurya. Ina jin hannunsa yana lalube a cikin duhu, dama, hagu. Ya daɗe. Sannan ya dawo da baya, ya sake bi ta kansa, ya fito, ya dubi mutane ya ce, "Babu buhu ko ɗaya."

Na ce, "Mutum fa?"

Ya ce, "Yana nan. Da ransa."

Wasu nan take suka yi tsaki suka koma wajen buhunansu. Sauran kunya ta kama su, tunda ga nishi kowa na ji, suka faɗaɗa ƙofar. Baƙon ne ya shiga ya tone inda ƙasa ta danne masa ƙafar dama, ya ɗaura masa igiya a hammata aka jawo shi. A kan jakin maƙwabcinmu aka kai shi gida. An sauke buhu ɗaya, ɗayan kuwa mai jaki ya ce a bari ya jingina da shi.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ba ta sake miƙewa ba. Rami ya ƙare masa. Baƙon bai ko zo gaisuwa ba, an ce ya wuce Makka neman aiki, ban sake ganinsa ba. Sauran kuwa suka yi ta sallama a ƙofarmu, sannu, Allah Ya kiyaye gaba, kowa yana ba da labarin yadda farcensa ya fita wajen tono. Ni ce mai kawo musu ruwa.

Shi maigidana abu guda ya riƙe daga ranar. Ya ce yana cikin duhu, ya gama kalmar shahada, sai ya ga haske, ya ga fuskar ƙaninsa mai jaki. "Kin san abin da ya yi, 'yar Sudan? Kwanciya ya yi a kaina. Na ji nauyinsa a ƙirjina. Rufe ni ya yi da jikinsa don kada ƙasa ta sake zubo mini." Yana faɗa hawaye na bin kunnensa. Mutumin da ya baro uwa da uba da dangi a wata duniya, kullum yana cewa shi ba shi da kowa a ƙasar nan, ga shi kwance da karyayyiyar ƙafa yana murna ya samu ɗan'uwa. Na buɗe baki. Na dubi ƙafar, na dubi fuskarsa, na rufe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Cikin masu zuwa gaisuwa ma babu wanda ya gaya masa, don kowa ya san abin da hannunsa yake yi a ranar.

Wata rana mai jaki ya tare ni wajen sayen ruwa. Na zaci gafara zai nema. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Matar yaya, abin da kika yi mana bai kyautu ba. Ina can ina tono wasu suka ɗauke buhun da na bari. Ƙarya ba kyau, balle ga mai ciki." Na ajiye garwar, na tara yawu na tofa a tsakanin ƙafafunsa, na ɗauki garwata na wuce. Da magariba yana ɗakinmu, hannunsa a kwanon maigidana, yana cin tuwon da na tuƙa.

Na haifi namiji. Gwaggona ta zo ta zauna da ni don wankan jego. Mai jaki ya aiko da rabin buhun kwal gudummawa, manyan dunƙule masu ƙyalli, na san inda suka fito. Na ce a mayar masa. Gwaggo ta ce, "Ke rufe mana baki, mijinki na kwance, da me za a dafa ruwan?" Da shi aka dafa. Safe da yamma ana fyaɗa mini ruwan da ganye, warin baragurbi ya cika tsakar gida.

Ranar suna ina ɗaki da mata, maza suna waje a kan tabarmi. Tun ana gobe na tambayi maigidana sunan da zai sa, ya ce sai dai in ji. Na ɗauka na mahaifinsa ne. Aka raba goro, liman ya yi addu'a. Sai sunan ya ratso langa-langa ya same ni a kan gado. Sunan mai jaki. Mata suka rangaɗa guɗa, suna cewa wannan shi ne halacci, Malam ɗan halak ne. Na jiyo muryar mai jaki a waje yana cewa, "A'a yaya, wannan ya yi yawa, ni me na yi?" Cinyar rago aka kai masa. Na dubi yaron a hannuna, bai san komai ba, yana tsotsar yatsansa.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, kowa ya sani. Wannan al'adar ce ta rufa mini asiri. Wasu matan sukan yi 'yan shekaru su saki, ni ban saki ba, har aka riƙa misali da ni a Karantina, wai ku dubi alkunya irin ta mutanen da. Maigidana ya rayu da sandarsa yana sayar da hula da carbi a bakin masallaci, ya rasu yana sa wa mai jaki albarka. Mai jaki ma ya bi shi, ɗana ne ya shiga kabari ya kwantar da shi.

Yanzu ɗan nawa ya yi furfura. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kwanaki da na yi ciwo yana zaune a gefen gadona, ya riƙe mini hannu, ya ce cikin raha, "Ummi, duk duniya ta kira sunana sai ke. Yanzu ai duk mun tsufa, kuma ba kowa a ɗakin. Ki faɗa sau ɗaya in ji yadda yake a bakinki."

Na so in yi masa. Wallahi na so. Na ɗauko sunan har ya kawo maƙogwarona, ya tsaya nan ya ƙi wucewa. Ya jira, ya jira, yana murmushi.

Na ce, "Kai, miƙo mini ruwa."

Ya yi dariya, ya tashi ya ɗebo.